Kawu da Bakin Faifai

Kujerun roba da aka aro daga coci ba su isa ba ranar da muka kwantar da Kawu. Mu a gida muna ganin mutum ne na tsakanin ƙofarsa da gonarsa da majami'a, to sai ga jama'a sun cika tsakar gida, sun cika layi, har bakin kwalbatin da ake bi a shigo wajenmu a Mahuta. Matan zumunta sun zo da kayan kiɗansu, suka yi ta waƙa har muryoyinsu suka dushe. Mama, matar Kawu, tana zaune a tabarma da baƙin ɗankwali. Duk wanda ya durƙusa ya ce mata sannu da rashi sai ta ce, "Mun gode Allah," ta sake sunkuyar da kai.

Abin da mutane suka riƙa faɗa a kansa ya kusa sa ni dariya a ranar da bai kamata ba. Telan layinmu ya share ido da bakin rigarsa ya ce, "Shekara ashirin ina masa ɗinki, ko sau ɗaya bai taɓa karɓa a karon farko ba. Yanzu wa zai dawo mini da ɗinki?" Mai ƙosai ta bakin titi ta ce Baba ne kaɗai ke gaya mata in zaninta ya karkace, kuma sau biyu ne kawai ta ji haushi. Fasto kuwa a wa'azinsa ya ce marigayin mutum ne mai shiru-shiru, marar ƙorafi. Na dubi Mama, Mama ta dube ni. Kara ce kawai Fasto ya yi masa, domin Kawu ko miya aka ba shi sai ya faɗi abin da ya rage a cikinta.

Bayan azahar wani tsoho ya sauka daga keke napep, da sandarsa da farar hula. Daga Unguwar Mu'azu ya taso. Abokin aikin Kawu ne tun zamanin masaƙa, mu dai Alhaji muke ce masa. Aka ba shi kujera a gaba ya ƙi, ya ja benci ya zauna can ƙarshen layi. "Nan Sufeto zai neme ni," in ji shi. Sufeto shi ne sunan da suke kiran Kawu da shi a wurin aiki. Da na je na durƙusa na gaishe shi, sai ya ƙura mini ido ya ce, "Ke ce Injiniya mai faifai? Ai ya ishe ni da labarinki."

A kan faifai muka yi rigima ni da Kawu, don haka na ɗauka ƙarata ya kai wa abokinsa. Na yi godiya na tashi da sauri.

Kowa yana tambayata ya haƙuri, ina amsawa yadda ake amsawa. Amma abin da ke cina dabam ne da na sauran. Na faɗa wa Kawu magana mai zafi a gaban baƙo, a kan abin da shi ne mai gaskiya. Na zauna gida ɗaya da shi wata bakwai bayan haka, ban buɗe baki na ce masa ya yi gaskiya ba, ban kuma ba shi haƙuri ba. Shi ya sa nake wannan rubutu. Ina so a san ko shi wane ne, a kuma san abin da na yi.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ina da shekara shida mahaifina ya rasu a ƙauye, shi ya je ya ɗauko ni ya kawo ni Kaduna. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini. Ko dukana zai yi sai ya ce, "Uwata, miƙo hannu," bulalar ma ta fi shi jin kunya.

A masaƙa a Kakuri aikinsa duba yadi ne. Yana tsaye a gaban wani dogon tebur mai fitila a ƙarƙashi, yadi yana wucewa ta gabansa tun safe har yamma, shi kuwa da alli a hannu. Inda zare ya tsallake, inda launi ya ɗiga, inda furen atamfa ya matsi ɗan'uwansa, sai ya ja alli. Masaƙa ta rufe, amma idon bai yi ritaya ba. In ka zo gaishe shi, kafin ya dubi fuskarka ya riga ya dubi bakin wandonka. In Mama ta sayo zane, sai ya karɓa ya kama gefen ya ɗaga wa rana. Maganarsa guda ce, kuma mun ji ta har mun gaji: "Tsakiya kowa na kallonta. Zane daga baki yake fara yagewa."

Ba a yadi kaɗai yake haka ba. Ranar Kirsimeti in ana raba shinkafa, shi ne mai ɗaukar tire, kuma daga waɗanda ke tsaye a ƙofar gida yake farawa. Manyan baƙi na falo su jira. Mama ta yi faɗa ta gaji. A coci dattijo ne, yana da kujera a gaba, amma a bencin ƙarshe yake zama kusa da ƙofa, wai daga can ne ake ganin wanda ya zo bai sami wuri ba. Da gari ya yi ta rikicewa mutane suka ja jiki, kowa ya koma cikin nasa, Kawu bai fasa hawan kekensa duk wata ya je ya gaida Alhaji ba. In aka ce masa hanya ba kyau sai ya ce, "Wanda muka sha ƙurar auduga tare, ba zan bari sai a jana'iza ba."

Bayan masaƙa ya sami ɗan fili wajen Rido yana noma riɗi da wake. Na sha binsa ina yarinya. Riɗi ba a shuka shi rami-rami a wurinsa, watsa shi yake yi. Ya gauraya irin da yashi, ya riƙa tafiya a hankali yana wurga hannu. In ya gama sai ya zagaya gefen gonar ya ƙara. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce hannun mutum son tsakiya yake yi, in ba ka tsawata masa ba gefe zai tashi da sanƙo.

Shi ya fara kawo kwamfuta gidanmu. Ina shekarar ƙarshe a sakandare, ya ji na ce ina son karatunta, sai ga shi wata rana da wata tsohuwa ɗaure a bayan keke, ya naɗe ta da tsumma kamar jaririya. Bai taɓa danna ko maɓalli ɗaya a jikinta ba. Amma shi ya yanka atamfa ya kai wa tela aka ɗinka mata riga saboda ƙura, kuma sau biyu ya mayar da rigar kafin ya karɓa.

Da wannan tsohuwar kwamfuta na koyi rubuta furogiram, wato umarnin da ake jera wa na'ura layi-layi ta bi. Da na gama makaranta na sami aiki a wata ƙungiya mai gwada ruwan rijiyoyi. Bara da damina ta kankama aka ba mu wani yanki a nan kudancin gari. Aka sa alama a wata kasuwa, aka zana da'ira a taswira ta kewaye unguwannin da ke zagaye da ita. Rijiyoyi ba su ƙirguwa, kayan gwajin da muke da su kuwa na sittin ne kawai. Wa za a gwada wa, wa za a bari? Duk wanda ya san garin nan ya san abin da za a ce in mutum ne ya zaɓa. Za a ce ya bi coci, ko ya bi masallaci, ko ya bi yarensu. Shi ya sa shugabar ofishinmu ta ce kwamfuta ta zaɓa. Ta watsa ɗigo sittin a cikin da'irar kan mai uwa da wabi, duk inda ɗigo ya faɗa a gwada rijiyar da ta fi kusa da shi. Ni aka ba aikin.

Furogiram ɗin bai kai layi ashirin ba, kuma na ji daɗin kaina da na gama. Abin da na ce wa kwamfuta shi ne: tsaya a tsakiyar da'ira, ki jefa ƙuri'a ki zaɓi fuskar da za ki dosa, ko gabas ko yamma ko wani wuri a tsakani. Sannan ki sake jefa ƙuri'a ki zaɓi nisan da za ki yi, daga taku ɗaya har bakin da'ira, kowane nisa da rabonsa daidai. Inda kika tsaya ki sa ɗigo. Ki maimaita sau sittin. Ina son kai yake a nan? Ni dai ban gani ba. Na buga taswirar a babbar takarda na zo da ita gida.

Ranar Asabar da hantsi wani abokin aikina ya zo mu tsara yadda masu ɗibar ruwa za su bi. Muka shimfiɗa taswirar a teburin baranda. Kawu ya fito zai je ya duba awakinsa. Ya gaisa da baƙo, ya wuce, sai kuma ya dawo da baya. Ya tsaya a kanmu, hannu a baya, ya karkata kai yadda yake yi wa sabon zane.

"Uwata, wa ya yi wannan watsin?"

"Kwamfuta ce, Kawu."

"To hannunta bai iya ba. Wannan ba watsi ba ne, tari ne. Dubi tsakiya kamar an zubar da gero, dubi baki fayau."

Abokin aikina ya yi 'yar dariya ta ladabi ya ce, "Baba, ai haka ƙuri'a take, wani wuri ya samu da yawa, wani ya samu kaɗan. Kwamfuta ba ta da ɗan'uwa."

"Ita ba ta da shi," in ji Kawu. "Wanda ya aike ta fa?"

Na ce masa kowane nisa na ba shi rabo daidai, ba yadda za a yi a ce an cuci wani. Ya ɗaga murya ya ce wa Mama ta kawo faifai da wake da gwangwanin tumatir. Mama ta kawo tana gunaguni, wai wakenta na miya ne. Ya zaro zare daga bakin tsohuwar rigarsa, ya auna daga cibiyar faifai zuwa baki, ya ninka zaren biyu, ya ɗauki gawayi ya zana zobe a daidai rabin hanya. Sai ya zuba wake a cikin zoben, ya baje shi da tafin hannu ƙwaya kusa da ƙwaya. Gwangwani ɗaya ya rufe wurin. Sannan ya koma tsakanin zoben da bakin faifai. Gwangwani ɗaya, bai rufe ba. Na biyu, da saura. Sai da na uku ya ƙare sannan faifan ya rufu.

"Kin gani? Rabin hanya ba rabin ƙasa ba ne. Ciki gwangwani ɗaya, waje uku." Ya ɗauki zaren ya yi wa taswirata irin wannan awon, ya zana mata zobe da fensir. "Ƙirga mini na ciki."

Na ƙirga. Talatin da ɗaya. Na waje ashirin da tara.

"Mai gwangwani ɗaya ya kwashe fiye da rabi, masu uku suna rabon saura. Su wa ke zaune a tsakiyar nan?"

Abokin aikina ne ya amsa, murya ƙasa-ƙasa, ya ce tsofaffin unguwanni ne, yawancinsu ma suna da burtsatse.

"A bakin fa?"

Duk mun sani. Sabbin unguwanni ne na bayan rafi, na mutanen da suka baro ƙauyuka suka zo suka kafa ɗaki ɗaya-ɗaya, suka haƙa rijiya da hannu kusa da masai.

Kawu ya ce, "In abin ya gagare ki, ki aza faifan a kan tabarma, ki watsa ko'ina a tabarmar ba ruwanki da tsakiya. Wanda ya faɗa a faifai ki bari, wanda ya faɗa waje ki share. Shi ke nan."

Gaskiyar da zan faɗa ita ce, tun kafin gwangwani na uku ya ƙare na gane kuskurena. Na gan shi sarai. Da ni kaɗai ce da shi, wataƙila da na yi dariya na ce Kawu kun kama ni. Amma ga abokin aikina yana kallon faifai yana gyaɗa kai, ni kuwa ni ce mai digiri, ni aka yaba wa a ofis jiya-jiya. Kunya ta juye ta zama fushi. Bakina ya riga hankalina.

Na ce, "Kawu, wannan ba yadi ba ne. Da a ce idonku na gyara abu, da masaƙar ba ta mutu ba."

Mama da ke bakin ƙofa ta dafe ƙirji. Abokin aikina ya sunkuyar da kai yana neman abin da bai ɓata ba a cikin jakarsa. Kawu ya jawo kwano. Ya tattara waken a hankali ya mayar cikin kwano, ƙwaya biyu da suka faɗi ƙasa ma sai da ya tsince su. Ya kaɗe faifan ya miƙa wa Mama.

"Haka ne, Injiniya," in ji shi. Ya tafi wajen awakinsa.

Na duƙunƙune taswirar na jefa a kwandon shara. Magana zarar bunu ce, na sani tun ina firamare, amma sanin karin magana bai taɓa hana ni faɗin abin da ya zo bakina ba.

Ranar Litinin na gyara furogiram ɗin, ban gaya wa kowa a gida ba. Gyaran iri biyu ne. Akwai na littafi: lambar da ƙuri'a ta ba ka ta nisa, ka ɗauki sikwaya rut ɗinta, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da ita, kafin ka auna, sai ɗigogin su matsa waje daidai da faɗin ƙasar. Akwai kuma na biyu: ka watsa ɗigogi a fili mai kusurwa huɗu da ya rufe da'irar, ka zubar da duk wanda ya faɗa waje, ka ci gaba har ka cika adadinka. Wannan na biyun shi ne tabarmar Kawu, ba ragi ba ƙari, kuma daga baya na ga masana ma haka suke koyar da shi. Na gwada duka biyun, suka ba da watsi mai kyau. Na zaɓi na Kawu, domin shi ne zan iya bayyana wa mutane.

Ranar Alhamis aka tara masu unguwanni da shugabannin mata don a nuna musu yadda aka yi zaɓen. Me na ɗauka na tafi da shi? Faifai da wake da gwangwanin tumatir. Na zana zobe, na zuba ɗaya a ciki, uku a waje. Tsofaffi suka matso suna leƙe. Wani mai unguwa daga bayan rafi ya ce yau ne karo na farko da aka yi rabo ya gane yadda aka yi. Aka tafa mini. Shugabar ofis ta ja ni gefe ta ce, "Daga ina kika samo wannan dabarar?" Na ce, "Na dai zauna na yi tunani, Ma." Abokin aikina yana tsaye yana ji, ya kalle ni, ya kau da kai. Da aka yi gwajin kuwa, rijiyoyin da aka samu ruwansu bai kamata a ba yaro ba, yawancinsu a baki suke. Da taswirar farko aka bi, da da yawansu ba a leƙa su ba.

A gida Kawu bai yi fushi irin na hayaniya ba. Yana amsa gaisuwata, yana tambaya ko na ci abinci, in ruwa ya tare ni yana aika mini da lema. Abu ɗaya ne ya canza. Uwata ta ɓace daga bakinsa, Injiniya ta maye gurbinta. "Injiniya, an dawo?" "Injiniya, ga abincinki can." Duk lokacin da ya faɗa sai in ji kamar an taka mini ƙurji.

Na yi ta neman hanyar da ba ta bi ta kan kalmar haƙuri ba. Na saya masa hula. Ya juya ta ya duba ɗinkin ciki ya ce, "An gode, Injiniya." Na saya masa sabon tabarau. Na kai awakinsa allura. Mama ta same ni a kicin ta ce, "Ke, bar wahalar da kanki. Ba hula yake nema ba. Ki je ki durƙusa, magana ɗaya ce." Na ce zan je. Na ce sai ranar Lahadi bayan sujada. Lahadi ta zo na ce baƙi sun yi yawa. Na ce sai Kirsimeti, Kirsimeti ta zo ya ɗauki tirensa ya nufi ƙofar gida, ni kuma na tsaya ina kallonsa. Girman kai rawanin tsiya, kuma na naɗa shi wata bakwai cur.

Ranar ƙarshe ina sauri zan fita aiki, yana zaune a baranda yana ɗaura wa fartanya ƙota. Na gaishe shi a tsaye. Ya dubi ƙafafuna ya ce, "Injiniya, bakin siket ɗinki ya warware." Na ce zan gyara in na dawo. Ya tafi gona share wuri kafin ruwan fari. Kafin azahar maƙwabcin gonarsa ya same shi kwance a gefen kunya. Ina ofis aka kira ni. Ko da na isa asibiti an riga an rufe masa fuska.

Kwana tara bayan jana'iza, da baƙi suka ragu, Mama ta ce in zo mu buɗe akwatinsa na ƙarfe. A ciki akwai katin shaidarsa na masaƙa mai ɗauke da hotonsa yana saurayi mai gashi, yadda ban taɓa saninsa ba, da guntayen alli a cikin leda, da ɗan madubin da yake duba zare da shi, da jan biro. A ƙasan su duka akwai babbar takarda a ninke. Na buɗe. Taswirata ce ta farko, wadda na jefa a shara. An goge ta da dutsen guga har ta miƙe, sai dai alamun duƙunƙunewa.

Ga zoben fensir ɗinsa yana nan. A cikin zoben ya soke ɗigogi goma sha shida da 'yar alama. A waje kuma, tsakanin zobe da baki, ga sababbin ɗigogi da jan biro, su ma goma sha shida. Na ƙirga da yatsa. Sha biyar a ciki, arba'in da biyar a waje. Gwangwani ɗaya da gwangwani uku.

Mama ta ce, "Kwana uku ya yi a kanta, in kin tafi aiki. Ya shimfiɗa ta a ƙasa, ya rufe ido, ya saki ƙwayar riɗi daga sama. Inda ta faɗa ya buɗe ido ya sa biro. In ta faɗa inda ba ya nema ya sake. Na ce masa ka sa kawai mana, wa zai sani? Ya ce in ya sa da ido a buɗe, zaɓe ne, kuma ke kin ce ba a son zaɓe."

Na juya bayan takardar. Rubutunsa ne, manyan baƙaƙe masu karkata. "Uwata, ga shi na gyara. Kada su yi miki dariya a ofis."

Na tambayi Mama me ya hana shi ba ni.

"Ranar da zai ba ki kika dawo da murna. Kika same ni a kicin kina ba ni labarin faifai, da yadda aka tafa miki. Kin ɗauka ba ya ji, alhali yana baranda. Da kika shiga ɗaki ya ce mini, ashe ta gyara da kanta, bar ta, in na ba ta wannan kunya za ta ji. Washegari ya hau keke ya tafi wajen Alhaji, wai zai je ya gaya masa 'yarsa ta koyar da masu unguwa lissafi."

Ashe ba ƙarata ya kai ba. Kuri ya je yi da ni, da dabarar da shi ya ƙirƙira, bai ko ce tasa ce ba.

Na ce, "To me ya sa bai daina ce mini Injiniya ba?"

Mama ta yi murmushi, karo na farko tun rasuwar. "Jira yake ki ce wani abu ya bari. Ke kuma kina jira ya bari ki ce wani abu. Jininku ɗaya, taurin kanku ɗaya."

Da na koma aiki na sami shugabar ofis na gaya mata ƙarya na yi, ba ni na yi tunanin faifai ba. Na faɗa a gaban kowa, har da abokin aikin nan nawa. Sannan na buɗe furogiram ɗin, wanda har yau da shi muke zaɓen rijiyoyi, na ƙara layi ɗaya a samansa, irin layin da kwamfuta ba ta karantawa sai mutum: wannan dabarar ta Kawuna ce, mai duba yadi, a fara duba baki. Duk wanda ya gaje ni a kujerar nan zai gani, in ya tambaya kuma a ba shi wannan rubutu.

Allah ya ba Kawu hutawa. Ya ba Mama ƙarfin zama a gidan da ba mai yi mata ƙorafin miya. Ya raya Alhaji da tela da duk waɗanda suka zauna a ƙarshen layi ranar nan. Mu da muka rage kuma, ya sa mu faɗi abin da ke bakinmu na alheri tun mai ji yana nan.

Takardar tana wurina. Ran nan na ɗauko ta, na ɗauko jan biron daga akwati, na gwada a tafin hannuna, yana ba da tawada har yanzu. A ƙarƙashin rubutunsa na rubuta, "Kawu, kun yi gaskiya. Ku yi haƙuri." Na sa hannu da sunan da yake kirana.

Bai ɗauke ni minti ɗaya ba.